Tambaya da Amsa: Ɗana na yin 225 a lig, wai ya fi Earl Anthony

Tambaya: Assalamu alaikum koci. Ɗana yana wasan boling a lig ɗin unguwarsu a Houston, abarejinsa, wato matsakaicin makinsa a wasa ɗaya, ya kai 225, yanzu ya kafe wai sai ya ajiye aiki ya shiga PBA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan boling. Hujjarsa ita ce Earl Anthony, tsohon gwarzon PBA, ma lokacin da yake tashe wajen 219 yake yi. Wallahi abin ya hana ni barci, yaron nan da iyalinsa fa. Yana da gaskiya ko ruɗin ƙuruciya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce masa ya riƙe aikinsa tukuna, hannu bibiyu ma. Maganar nan ta abareji ta ishe ni, kusan kullum sai wani ya zo min da ita yana hura hanci, alhali 225 ɗinsa da 219 ɗin Anthony lamba ce kawai ta haɗa su.

Sirrin yana cikin man da ake shafa wa layi. Masu gidan wasa 'yan kasuwa ne, so suke ka yi ta zubar da fin, wato sandunan nan goma da ke ƙarshen layi, kana murna ka dawo mako mai zuwa, shi ya sa a daren lig injin yake zuba mai da yawa a tsakiya ya bar gefe a bushe, bambancin yakan kai 10 da 1. To ka ga, in yaronka ya kuskure ya jefa ta waje, bushewar nan ta kama ƙwallon ta murɗo ta zuwa aljihu, wato gurbin da ke gefen fin na gaba inda ake so ƙwallo ta daka, in kuma ya ja ta ciki man ya riƙe ta ta zame kai tsaye, nan ma aljihu. Layi katako 39 ne a faɗi, mutum ya kauce da katako huɗu ko biyar amma ya ga sitiraik, wato fin goma duk sun zube a jifa ɗaya, ya juyo yana dukan ƙirji. Layin ne ya yi masa rabin aikin bai sani ba.

A shafin man da ake yi wa gasa kuwa bambancin wajen 3 da 1 ne, na babbar gasar US Open ma kusan shimfiɗe yake bai-ɗaya, babu mai ceto. Ka kauce da katako biyu ka ga fin sun tsaya maka warwatse, ɗaya gabas ɗaya yamma. Kuma PBA ba shafin mai iri ɗaya take amfani da shi ba, akwai Cheetah gajere, akwai Shark dogo, ga Scorpion ga Chameleon, sannan a yini ɗaya ka yi wasanni da yawa kana sauya layi, man yana gushewa a ƙarƙashin ƙwallayen wasu, dole ka karanta shi tun kafin ya ci ka. Ɗan lig fa? Wasa uku a mako, layi biyu, gidan da ya haddace tun shekaru. Har ita USBC, hukumar boling ta Amurka, sai da ta fitar da jadawalin juya abareji tsakanin shafin biyu, don ta san ba ɗaya ba ne.

Sai maganar zamani. Anthony ya ci kofuna 43 yawancinsu da ƙwallon roba da ta filastik, a kan katako na gaske mai gargada, ana shafa mai ba da irin injinan yau ba. Ƙwallon yuretan, wadda ta fi su kama layi, sai wajen 1980 ta shigo, mai shan mai ɗin nan da ɗanka yake riƙe kuwa sai farkon shekarun 1990, da nauyi a cikinta da aka sassaƙa don ta lanƙwasa da kanta. A 1973 Don McCune har jiƙa ƙwallonsa yake a sinadari don ta yi laushi ta kama layi, ya ci gasa shida a shekarar, aka kafa dokar taurin ƙwallo. Abin da mutum ya yi wa dabara jiya, yau a kanti ake sayar da shi. Dubi kuma Glenn Allison, tsohon ƙwararre, ya yi 900 cif, wato cikakken maki 300 sau uku a jere, a 1982 hukuma ta ƙi amincewa saboda yanayin layin, sai a 1997 aka amince da na farko, na Jeremy Sonnenfeld, ɗalibin jami'a.

Ban ce 'yan yau ba su iya ba, Jason Belmonte mai jifa da hannu biyu ko wane zamani aka kai shi zai ci abinci. Haushina yana kan masu shagon ƙwallo da kocin YouTube da ke ce wa yara sabuwar ƙwallo ce ta rage musu su zama ƙwararru. Ƙarya ce, kuɗinsu suke so, kuma ba su ne za su biya masa otal da man mota ba ranar da ya fita a zagayen farko hannu rabbana.

Ya nemi lig mai shafin gasa a garinsu ya yi kaka guda cur, ya riƙa rubuta sifiya nawa yake ci, wato zubar da ragowar fin a jifa na biyu, musamman fin na 10 da ke kusurwar dama ta baya. Bayan nan ya gwada gasar yanki ta PBA a ƙarshen mako, albashinsa na shiga. In ya tsaya sama da 210 a can, Alhaji ka sake rubuto min mu yi wata maganar.