Darasin Fiziks da motar kwali da ƙwai

Tambaya: Ina koyar da Fiziks a aji biyu na babbar sakandare. Da na fara rubuta lissafin gudu da ƙarfi a allo sai yara su hau hamma. An ce gwajin haɗarin mota yana jan hankalinsu. Yaya ake yin sa a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji?

Amsa: Malam, ana yi, kuma kayan ba su fi ƙarfin aljihu ba. Raba ajin rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar. Kowane rukuni a ba shi kwali, murfin gorar lemo huɗu a matsayin taya, tsinken tsire biyu, bututun roba na shan lemo da tsinken zai juya a ciki, salatif, takarda, da ƙwai ɗaya a ƙulle cikin farar leda. Ƙwan shi ne fasinja. Wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro ba ya buƙatar dogon bayani.

A jingina katako mai tsawon mita ɗaya da rabi, a ajiye bulo a ƙarshensa, a saki motar ba tare da turawa ba. Idan ta sauko daga tsayin santimita 20, gudunta zai kai kusan mita 2 a daƙiƙa. Daga santimita 80, kusan mita 4. Bari su gano da kansu cewa kafin gudu ya ninka sau biyu sai tsayi ya ninka sau huɗu. Daga nan ka faɗa musu cewa karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, na kilomita 100 kuwa kusan mita 40.

Inda darasin yake shi ne gaban motar. Yawanci yara za su ƙarfafa shi da kwali ninki uku, don a ganinsu mota mai ƙwari ita ce mai tsaro. Kada ka hana su. Motar za ta fita lafiya, ƙwan ya fashe. Dalili: idan aka raba tsayin da motar ta sauko da tazarar da ta lotse, ana samun yadda ƙarfin da ya danne ƙwan ya ninka nauyinsa. Daga santimita 20, gaban da ya lotse milimita 2 kacal ya ɗora wa ƙwan ninki 100 na nauyinsa. Wanda aka yi da takarda mai lanƙwasa-lanƙwasa, ya lotse santimita 4, ninki 5 ne kawai. Wannan dabarar ce injiniya Béla Barényi ya kawo wa kamfanin Mercedes a shekarun 1950.

Sai bel ɗin da zai ɗaure ƙwan a cikin motar. Robar ɗaure kuɗi tana miƙewa da yawa, ƙwan ya je ya daki gaba. Zare kuma yana tattara ƙarfin a wuri guda ya tsaga ɓawon. Ƙyalle mai faɗin santimita ɗaya da ya ratsa ƙwan ta gefe biyu ya fi, kamar bel mai maɗauri uku da Nils Bohlin ya ƙirƙira wa Volvo a 1959.

Dole ka kafa doka tun farko: ba a naɗe ƙwai da auduga ko soso, kuma a iya cire shi a mayar cikin sauƙi. In ba haka ba, kowa zai yi dunƙulen tsumma, ba abin da za a auna. Motar da ke karkacewa, tsinkayenta ne ba su daidaita ba. Sannan gudun gaske zai ɗan gaza na lissafi saboda gogayyar taya. A ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya, da rula a gefen katakon, su kwatanta biyun.

Idan ƙwai ya yi tsada, a gwada da curin laka mai taushi a auna yadda ya baje, a ajiye ƙwan sai zagayen ƙarshe.