Na hura wa ɗan sukank iska da bakina ya farfaɗo, ya halatta in riƙe shi a gida?

Tambaya:

Assalamu alaikum malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina zaune ne a jihar Kaliforniya ta Amurka da maigidana da yaranmu biyu. Shekaranjiya da hantsi na leƙa harabar gidanmu ta baya sai na ga ɗan wata dabba da ake ce wa sukank, baƙi mai zanen fari kamar bodari, ya faɗa cikin robar ruwan da yara ke wasa a ciki. Na ciro shi ba ya ko motsi, sai na dinga danna masa ƙirji ina hura masa iska ta hanci da bakina har ya yi tari ya dawo, a wajen ma ya ɗan karce ni a yatsa. Yanzu yana cikin kwali a gareji, yara sun ƙwallafa rai a kansa, ina tunanin in kai shi a cire masa jakar warin mu riƙe shi. To amma wata 'yar uwa a masallaci ta ce min najasa na sa a bakina sai na wanke sau bakwai, kuma wai irin su ɓera ne kashe shi lada ne, kuma wai na yi shisshigi cikin ajali. Dan Allah malam mene ne gaskiya?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, kafin mu taɓa maganar halal da haram, ki ajiye wayar nan ki kira likita ko sashen lafiyar jama'a na gundumarku yau ɗin nan, ba gobe ba. A cikin tambayarki abin da ya tayar min da hankali guda uku ne kuma duk kin faɗe su a wuce kamar ba komai ba: dabbar ta daji ce ba ta kiwo ba, bakinki ya haɗu da hancinta da yawunta, sannan ta karce ki. Sukank yana cikin manyan dabbobin dake ɗauke da cutar haukan kare a Amurka, shi da jemage da dila da wata dabbar daji da ake ce wa rakun, kuma Kaliforniya na cikin wuraren da aka san cutar tana yawo a tsakaninsu. Cutar nan ta yawu take shiga, ko ta cizo ko ta rauni ko ta cikin baki da ido, kuma idan alamunta suka fara bayyana a jikin mutum to kusan ba a tashi. Amma kafin alamun ana tare ta da allura, a can suna yin ta ne ranar farko da rana ta 3 da ta 7 da ta 14, haɗe da wata allurar garkuwa a ranar farko. Ki wanke yatsan da ruwa da sabulu sosai kamar na minti 15 ko da kwana biyu sun wuce, ki faɗa wa likita komai yadda ya faru ba tare da kunya ba, kuma ki tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya cikin lallami waye ya taɓa shi, waye ya sumbace shi, don yaro in ya ga za a yi masa faɗa ɓoyewa zai yi. Wannan a kanki wajibi ne, ba shawara nake ba ki ba, don ran ki da na 'ya'yanki amana ne.

To yanzu mu dawo kan abin da kika yi. Ceton da kika yi masa aikin lada ne in sha Allah, wannan babu saɓani, hadisin mutumin da ya shayar da kare ya ishe mu. Maganar shisshigi cikin ajali kuwa ba ta da ƙafa, tunda ya farfaɗo to dama bai mutu ba, numfashinsa ne ya tsaya kika zama sababi, da ajalinsa ya yi da ko kwana kika yi kina hurawa ba zai motsa ba. Wannan ma ya amsa miki batun najasa, domin ba mushe kika sa wa baki ba, mai rai ne, kuma a wurin Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne shi da yawunsa da guminsa da majinarsa, Shafi'iyya ma haka suke in ban da kare da alade. Wanki bakwai a kan ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki ya zo, ba a ɗora shi a kan kowace dabba. Kurkurar baki ta ishe ki, sallolin da kika yi sun inganta. Fitsarinsa da kashinsa dai najasa ne, a wanke inda suka taɓa.

Abin da ba zan yaba miki ba shi ne sa bakin. Niyyar ta yi kyau, hanyar ce ke da hatsari. Ga dabbar gida da kika san lafiyarta, kamar kyanwarki ko zomonki, yadda likitocin dabbobi suke koyarwa shi ne a fara duba baki ko wani abu ya toshe, a kwantar da ita a gefe, a kama ƙirjin da hannu ɗaya babban yatsa a gefe sauran yatsun a ɗaya gefen, a dinga matsawa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin faɗin ƙirjin, bayan kowace matsa 30 a rufe bakinta a hura ta hanci sau biyu a hankali don huhun ƙarami ne, ana yi ana kan hanyar asibitin dabbobi. Kuma mafi yawan waɗanda zuciyarsu ta tsaya ba sa dawowa ko a hannun likita, saboda haka wanda ya gwada bai dace ba babu laifi a kansa, kar ya zauna yana cin kansa. Ga ta daji kuwa ki sa safar hannu ko ki naɗe hannunki da tawul, ki ciro ta, ki ɗan karkata kanta ƙasa ruwan ya fita, ki matsa ƙirjin in za ki iya, ki ɗumama ta, amma bakinki kar ya je. Shari'a ba ta nemi ki fanshi ran dabba da naki ba.

Inda nake so in ɗan tsaya shi ne maganar cewa kashe shi lada ne don wai kamar ɓera yake, saboda ba 'yar uwar nan ta masallaci kaɗai ke faɗar haka ba, na sha jin mutane duk dabbar da suka ƙyamata sai su jefa ta cikin fawasiƙai, wato dabbobin da hadisi ya ba da izinin kashewa. Hadisin ya ambaci biyar da ake kashewa ko a Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera, da kare mai cizo, a wata ruwayar an ambaci maciji. Wanda zai yi ƙiyasi a kansu dole ya fara faɗa mana illar da ta haɗa su, kuma wari ko muni ba ya cikinta, da haka ne da buzuzu ya riga kowa shiga. Abin da ya haɗa su shi ne su suke fara cutarwa, ɓera ya shigo miki ɗaki ya ɓata abinci ya ja lagwani ya ƙona gida, shirwa ta fauce nama a hannun yaro, kunama ta harbi wanda bai san da ita ba. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya buɗe ma'anar kare mai cizo ya ce duk abin da ke afka wa mutane yana tsorata su ne irin zaki da damisa da kyarkeci, sannan a wuri guda ya ce namun dajin da ba sa afkawa irin kura da dila da kyanwa da makamantansu mai harama ba ya kashe su. To dan Allah sukank a wane ɓangare yake? Dabbar da idonta ma ba ya gani da nisa, da dare take fita tana tonon tsutsa da ƙwari, har ɓerayen ma tana ci, in ta gan ki guduwa take so ta yi, in ta rasa hanya sai ta buga ƙafafun gaba a ƙasa ta ɗaga jela tana gargaɗi, sai an ƙi ji sannan ta fesa, kuma ba ta son fesawar don in jakar ta ƙare tana iya ɗaukar kwana goma kafin ta sake cika, a tsakanin nan ba ta da makami. Wannan kare kai ne. Hanafiyya ma da suka taƙaita hukuncin ba su wuce abin da nassi ya ambata ba sai kaɗan, Shafi'iyya da suka fi kowa faɗaɗawa su ma sun raba tsakanin mai cutarwa da ɗabi'arsa da wanda yake da amfani da cutarwa a haɗe, na biyun ba su ce kashe shi mustahabbi ne ba. In aka ce ai yana ɗauke da cuta, sai mu ce cuta aba ce mai bijirowa ga wasu daga cikinsu, hukuncin yana bin wanda ya kamu ko ake zargin ya kamu, kamar yadda kasancewar wasu kyanwoyi na kamuwa da wannan cutar bai sa an ce a bi kyanwoyin duniya a kashe ba. In kuma aka ce yana shiga akurki ya sha ƙwai, to wanda ya addabe ki a kore shi a toshe ramin, in bai koru ba sai da kisa a nan ne ya halatta, gwargwadon dokar wurin. Ki faɗa wa 'yar uwar nan haka cikin mutunci, na tabbata tsoron najasa ne ya sa ta faɗa.

Sai dai ga wani abu da zai yi miki ɗaci, gara ki ji daga bakina. Babu yadda ake tabbatar da cutar a jikin dabba sai an duba ƙwaƙwalwarta, ma'ana sai an kashe ta, kuma babu allurar riga-kafi da hukuma ta amince da ita ga sukank, saboda haka mai yiwuwa ne in kika kai rahoto ma'aikatan lafiya su karɓe shi su yi masa allurar mutuwa don gwaji. In suka ce haka ki ba su, ya halatta, babu zunubi a kanki kuma ladan cetonki yana nan. Bambancin wannan da abin da na gama rushewa a sama shi ne a nan akwai ran mutum da ake tsoron ya salwanta. Kar tausayi ya sa ki ɓoye shi ko ki sake shi da dare don kar a kashe shi, in kika yi haka kin ɓatar da hanyar da za a san halin da ke da yaranki kuke ciki.

Riƙe shi a gida kuwa, asalin riƙe dabba halal ne in za a ciyar da ita a kula da ita, ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsunsa Annabi (SAW) bai hana ba, kuma haramcin cin mai fiƙa bai hana riƙe shi ba, kyanwa ma ba a cin ta. Amma wannan naki bai halatta ki riƙe ba. Kaliforniya ta hana mallakar sukank a matsayin dabbar gida, kuma doka ce da aka yi don kare lafiyar mutane, ke kuma da alƙawarin bin dokar ƙasar kika zauna a cikinta, ga tara ga abin da zai iya taɓa takardunku a banza. Akwai jihohin da suka yarda irin Florida da Ohio, amma da lasisi kuma daga masu kiwo da aka yi wa rajista, ba wanda aka tsinta a harabar gida ba. Wanda ke irin waɗannan jihohin ya saya ta hanyar doka ba zan ce ya yi haram ba, sai dai ina ƙyamatar masa, don dabba ce mai tono da farata dogaye, ta buɗe kabad ta yage kafet, barcinta da rana ne farkawarta da dare, ƙiba na saurin kama ta in ba a iya abincinta ba, tana iya kai shekara goma a gida, likitan da zai yarda ya duba ta ma ba ko'ina ake samu ba, kuma ranar da ta ciji ɗan maƙwabci ko da wasa ne ƙarshenta ke nan. Mutane da yawa suna son ta tana jaririya, in ta girma su gaji, hadisin matar da ta tsare kyanwa kuwa kin san shi.

Cire jakar wari ni ban ga halaccinsa ba. Malamai sun yarda da dandaƙar rago saboda maslaha bayyananniya, kuma tiyata don lafiyar dabbar kanta ba matsala, amma a yanke mata abu ɗaya tilo da Allah ya ba ta na kare kai don kawai mu ji daɗin ɗaukarta, wannan ya fi kusa da sauya halitta, kuma daga ranar ba za a iya mayar da ita daji ba har abada, in ta kuɓuce kare ɗaya ya ishe ta. A Ingila ma an hana wannan aikin tun bayan dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 sai in da dalilin lafiya.

Kafin ma'aikatan su zo, ki bar shi cikin kwalin a rufe da 'yan hujojin iska, wuri mai ɗumi da duhu, kar yara su shiga garejin, kar ki ba shi madarar shanu, kuma kar ki ɗauka ƙarami ne ba zai fesa ba. In ya fesa wa tufafinki ki wanke shi wankin najasa don fita daga shakka, warin da ya ƙi fita bayan wanki an yi rangwame a kansa a salla, sai dai a haƙura da sahun jam'i har ya lafa kamar wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa. Ki kife robar ruwan nan duk dare, don uwar takan haifi huɗu zuwa bakwai kuma wataƙila sauran suna nan kusa ƙarƙashin wani dakali. Yaran kuma ki gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, kar ki ce musu ya gudu alhali an tafi da shi. In kin dawo daga asibiti ki turo min saƙo in ji yadda aka yi, maigidan ma a tambaye shi ko ya taɓa.

Wallahu a'alam.