Tambaya da Amsa: Cizo ɗaya ya rikita mini makaranta

Tambaya

Assalamu alaikum Hajiya. Ina da 'yar makarantar renon yara a Agege, wajen Zango, bana shekararta uku. Yarana 34, daga masu rarrafe zuwa 'yan shekara biyar, da malamai uku da mai shara. Mako biyu da suka wuce wani yaro ɗan shekara biyu ya ciji wata yarinya a damtse. Bai fasa fata ba, amma shatin haƙora ya fito raɗau. Malamar ajin ta wanke wurin ta lallashe ta, sai dai ba ta faɗa mini ba, ba ta kuma faɗa wa wanda ya zo ɗaukarta ba. Sai da dare uwar ta gani wajen wanka. Kafin isha'i hoton hannun ya shiga guruf ɗinmu na WhatsApp, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Washegari da sassafe uban ya zo yana faɗa a bakin ƙofa, har masu shaguna suka fara leƙowa. Don in kwantar masa da hankali sai na kira malamar na wanke ta tas a gabansa, na ce zan cire mata naira dubu biyar a albashi. Tun ranar malamaina daga gaisuwa ba sa ƙara komai. Ita ta ce ƙarshen wata za ta ajiye aiki. Sauran kuma suka ce dama sun gaji: yara 16 ne a ajin ƙanana a hannun mutum ɗaya, kuma wasu iyayen sai bayan magariba suke zuwa ɗaukar 'ya'yansu. Uban har yanzu bai huce ba, wai sai na faɗa masa ɗan wa ya yi cizon, kuma in kore shi. Hajiya, ta ina zan fara?

Mai makaranta, Agege

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara da malamarki, yau ba gobe ba.

Na san ba amsar da kika zata ke nan ba, don hankalinki yana kan uban da guruf ɗin iyaye. Amma abin da kika yi ni ma na taɓa yinsa lokacin da nake riƙe da irin wannan makaranta a Idi-Araba. Wani uba ya zo da zafi saboda an sa wa ɗansa takalmin wani yaro, ni kuma na dizga mai renon a gabansa. Ya tafi yana murmushi, na ce na kashe wuta. Bayan wata guda matar ta bar ni, kuma iyaye da dama suka kwashe 'ya'yansu suka bi ta sabon wurin da ta koma, har da shi mai takalmin. Ranar na gane cewa ba ni suke biya ba, ba kuma fentin da ke jikin bango ba. Hannun da ke canza wa ɗansu famfas, yake ba shi kunu da cokali, shi suke biya.

Malamar ta yi laifi, kada mu yi wa juna ƙarya. Amma laifinta ba cizon ba ne. Yaro tsakanin shekara ɗaya zuwa uku yana cizo: haƙori na ƙaiƙayi, bakinsa bai iya cewa “ba ni abina” ba, ko barci ne ya kama shi, ko an matse shi a cikin taro. Kafin ki juya ki ɗauko fida an gama. Laifinta shirun da ta yi. To me ya sa ta yi shiru? Ruwa ba ya tsami banza. Ma'aikaciyar da ta san in ta kawo mummunan labari za a ci mutuncinta ko a taɓa mata albashi, ɓoyewa za ta yi ta ce Allah ya sa kada a gani. Da kika wanke ta a gaban uba, sauran biyun darasin da suka ɗauka ke nan: gobe in wani ya faɗi ya fasa leɓe, a goge jinin a yi gum.

Ki kira ta ku biyu, bayan yara sun watse, ki rufe ƙofa. Ki ba ta haƙuri a kan tozarcin, ki faɗa da bakinki, kada ki aika wata. Ki janye maganar dubu biyar. Ko banda rashin dacewa, Dokar Ƙwadago ta ƙasa ba ta yarda ubangida ya riƙa zaftare ladan ma'aikaci da sunan tara yadda ya ga dama ba. Sai bayan nan ki faɗa mata nata: duk abin da ya bar shaida a jikin yaro, ko ƙwarzane ne, ki sani kafin a tashi. Tunda a gaban mutane aka zubar mata da mutunci, ki bari sauran malaman su ji cewa kin gyara. Girmanki ba zai ragu ba.

Yanzu maganar yara 16, wadda kika sa a ƙarshen wasiƙarki kamar ƙarin bayani, alhali ita ce gindin zancen. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce mai reno ɗaya ga yara 10 a ajin reno, malami ɗaya ga yara 25 a nazare. Ni da na yi aikin, ko goman nan ina ganin ta yi yawa in akwai masu rarrafe a ciki. Ke kuma kin damƙa wa mace ɗaya 16. Tana wanke wa wannan kashi, wancan na hawa benci, na uku na kuka, wane ido ya rage mata? Ina da tabbacin ta taɓa yi miki wannan kukan, watakila sau biyu ko uku, kika ce a yi haƙuri sai zango mai zuwa. Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, yawancin ƙorafin da uba zai kawo miki yau da ihu, malamarki ta riga ta kawo miki shi wata uku da suka wuce cikin sanyin murya, ba ki saurara ba. Magana ɗaya ce ta shigo ta ƙofa biyu.

Na san abin da za ki ce: kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, daga kuɗin danfo, wato motar haya, har man janareta, kuma iyayenki masu sayar da tumatir ne da masu gadi da masu facin taya, ba 'yan Ikoyi ba. Gaskiya ne. Amma ki tuna malamarki ma a Legas ɗin take. Ta ji an ce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, gwamnatin Legas ta ce nata 85,000 ne. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ba ta kama ki ba, amma mai gidan hayarta bai san wannan ba. In ba ki da halin ɗaukar cikakkiyar malama, ki nemi mataimakiya ta rabin yini, daga safe zuwa azahar, lokacin da ajin ya fi rikicewa. In wannan ma ya gagara, ki daina karɓar ƙanana har sai adadin ya sauko. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Masu zuwa bayan magariba kuwa, kowa ya san hanyar Oshodi zuwa Agege da yamma, ya san abin da ake sha a Ikeja Along, kuma wanda ya taso daga Mile 12 ko Idumota ba shi da iko da cunkoso. Sai dai malamar da ta zauna jiransa ita ma cikin cunkoson za ta shiga, ga nata 'ya'yan na jira. Ki tsayar da lokacin tashi a rubuce, ki sa ɗan kuɗin makara, kuma kuɗin ya tafi kai tsaye hannun wadda ta zauna, kada ya shiga aljihunki. Za ki sha mamakin yadda hanya za ta riƙa buɗe wa wasu da wuri.

Sai uban. Kada ki ƙara yin shari'a a bakin ƙofa, kada kuma ki yi ta a WhatsApp. Mutum in yana faɗa a tsaye jama'a na kallo, ba zai iya sauka ba ko yana so, don saukar ta zama faɗuwa. Ki shigo da shi ciki, ki ba shi kujera da ruwa, ki bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa ba tare da kin katse shi ba. Ya fi kyau ma ki nemi izini ki je gidan da kanki, ki duba yarinyar, ki zauna da uwar, don ita ce ta ga shatin da dare ita kaɗai, ita ce zuciyarta ta buga. Ki ce mata an yi kuskure da ba a sanar da ita ba, laifin makaranta ne, kuma makarantar ke ce. Ki faɗa mata abin da kika canza: an ƙara hannu a ajin, an raba yaran biyu wajen zama, daga yau duk abin da ya faru za a kira ta kafin ta ɗauki ɗiyarta. Kada ki ce “ai yara ne”. Gaskiya ce, amma a kunnen uwa tana nufin ba ki damu ba.

Sunan mai cizon kuma kada ya fita daga bakinki. A unguwa irin Zango, inda kowa ya san garin da kowa ya fito, suna ɗaya ya isa ya haɗa gidaje biyu faɗan da zai kai gaban Sarkin Hausawa. Ki ce masa yadda ba za ki ba wani sunan 'yarsa ba ranar da ita ta yi yaƙushi, haka ba za ki ba shi na ɗan wani ba. Kora ma babu ita. Ki zauna da iyayen yaron daban, a sa masa ido na 'yan makonni, a lura da lokacin da yake cizon, don sau da yawa gab da cin abinci ne ko gab da barci. In an shawarce ki da a rama masa cizon ko a ɗalle masa baki don ya ji, ki ce a'a.

Ki sayi littafi mai kauri na ƙorafi ki ajiye a teburinki: rana, wanda ya kawo, abin da ya ce, abin da aka yi. Iyaye da malamai duk a littafi ɗaya, da gangan na ce haka, don in kina buɗe shi ƙarshen wata za ki ga yadda maganganun suke haɗuwa. Guruf ɗin kuma ki mai da shi na sanarwa kawai, ki ba kowa lambarki, ki yi alkawarin amsa cikin yini guda, ki kuma cika.

Wani abu da ban gane ba sai da na daɗe a Legas: a cikin iyayenmu Hausawa, mai faɗa a bakin ƙofa shi ne mai sauƙi. Wadda za ki ji tsoro ita ce mai kawaici, musamman in ɗan fari ne, wadda kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki a kansa ba. Za ta gaishe ki da fara'a, zangon gaba ki nemi yaron ki rasa. Idan kuma malamarki Bayarabiya ce, ki zama tafinta a tsakani, ba na harshe kaɗai ba. Ɗaga muryar da ita a wurinta hira ce, uwar za ta ɗauka faɗa ake yi wa ɗanta, shirun uwar kuma malamar za ta ɗauka komai lafiya. Irin waɗannan ke za ki bi su, ki ce “Maman wane, akwai abin da kike so mu gyara?” Sai kin tambaya sau biyu kafin ta faɗa.

Tambaya

Hajiya, barka da aiki. Ɗana ɗan shekara huɗu yana nazare a Mushin. Sau biyu yana dawowa da shatin bulala a maraƙi, ya ce anti ce. Na yi wa mai makarantar magana, ta ce tarbiyya ce. Matata ta ce in bar zancen kada a tsani yaron. Ya zan yi?

Wani uba, Idi-Araba

Amsa

Malam, kada ka bari. Wannan ba irin na sama ba ne. Cizon yaro tsautsayi ne, babba ya ɗaga bulala a kan ɗan shekara huɗu har ta bar shati kuwa ganganci ne. Jihar Legas tana da Dokar Haƙƙin Yara tun 2007, kuma gwamnatin jihar ta fito fili ta ce ba ta yarda da dukan yara a makaranta ba. Ka ɗauki hoton wurin a ranar da ka gani. Ka rubuta wa mai makarantar takarda gajeriya, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafinta, ka nemi amsa cikin mako guda. In ta sake cewa tarbiyya ce, ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jihar, wanda ke sa ido a kan makarantu masu zaman kansu, yana Alausa a Ikeja, ka kai takardar da hoton can. In kuwa ka taɓa ganin rauni mai tsanani, ko yaron ya faɗi abin da ya shafi taɓa masa al'aura, kada ka tsaya sulhu da kowa: asibiti tukuna, sannan hukumar jihar mai yaƙi da cin zarafi a gida da lalata, ko ka kira 112.

Tsoron mai ɗakinka ba na banza ba ne, ka saurare ta. Kafin a gama maganar, ka nemi a sauya wa yaron aji, in babu wani ajin ka ajiye shi a gida na 'yan kwanaki. Kuma in za ka tambaye shi, kada ka ce “anti ta doke ka ko?”, don yaro zai ce e ga duk abin da ya ga babansa na so. Ka bari sai yana cin abinci, ka ce ya ba ka labarin abin da aka yi yau a makaranta.