Mai shan warfarin da wankin dasashi: a tsayar da maganin?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata tana da bawul na ƙarfe a zuciya, tana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Dasashinta na zubar da jini, haƙora biyu na girgiɗi, likitan haƙori ya ce sai an yi mata wanki har ƙarƙashin dasashi. 'Yan'uwa sun ce ta daina shan maganin na mako guda, kada jini ya ƙi tsayawa. Mai kemis kuma ya ba ta Flagyl. Hankalina a tashe yake. Daga wata 'yar'uwa, Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ta tsallake ko ƙwaya ɗaya ta warfarin sai da izinin likitan zuciyarta. Flagyl ɗin kuwa a ajiye shi yau, a je a yi gwajin INR, wato awon yadda jini ya tsinke, domin Flagyl yana ƙara wa warfarin ƙarfi, jini ya tsinke fiye da kima. Wataƙila ma shi ya ƙara mata zubar jinin.

Wannan magana ta "a huta da maganin kafin a taɓa baki" kullum sai mun ji ta, kuma ta ishe mu. Jinin dasashi ana ganinsa, ana danne shi da auduga ya tsaya. Gudan jinin da zai daskare a kan bawul kuwa ba mai ganinsa, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko magana ta ɗauke. Masu ba da shawarar nan tsoron jini a kwanon tofi ne ya kama su, shi ya sa suke neman gudun gara a faɗa gidan zago. Warfarin ba ya komawa aiki nan take: idan an tsayar da shi sannan aka koma sha, sai ya ɗauki kwanaki kafin jini ya dawo daidai, kuma duk kwanakin nan Hajiya ba ta da kariya. Wanda ya ce a daina, a tambaye shi: shi zai yi jinyar shanyewar jikin? Haka batun yake ga masu shan asfirin ko clopidogrel bayan bugun zuciya. Ba a tsayar da su don wankin haƙori.

Abin da ake yi shi ne a auna INR cikin awa 24 kafin aikin. Idan yana ƙasa da 4, ana yin wankin ba tare da an taɓa maganin ba. Idan ya haura, a ɗage, likitan zuciya ya daidaita. A nemi ganin likita da safe, a farkon mako, don idan jini ya dawo a samu asibiti a buɗe. Kada a wanke bakin duka a zama ɗaya, a fara da sashe guda a ga yadda zai yi. Bayan aiki ta ciji auduga mai tsabta minti 20 ba tare da tana ɗagawa tana leƙawa ba, kuma ban da kurkure baki da ƙarfi a ranar. Don zafi, farasitamol kawai. Ban da ibuprofen da diclofenac, ban da haɗin "maganin ciwon jiki" da ake ƙullawa a leda.

Saboda bawul ɗin, ƙwayoyin cutar baki na iya bin jini su zauna a zuciya. Don haka ake ba irin su amoxicillin giram 2, sau ɗaya, minti 30 zuwa 60 kafin a fara. Idan jikinta ba ya karɓar fenisilin, wanda amoxicillin danginsa ne, ku faɗa tun daga bakin ƙofa, akwai madadinsa.

Ku je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ko wurin duk likitan da ke da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa (MDCN), da kwalayen magungunanta duka da katin asibitin zuciya. Ku duba a buɗe kayan aiki daga leda rufaffiya a gabanku. Masu yawo da jaka a Taminus suna "cire tsutsar haƙori" da ƙarfe ɗaya daga baki zuwa baki, babu wata tsutsa a haƙori, ciwon hanta kawai suke rabawa. Idan jini ya ƙi tsayawa bayan an danne sau biyu, ko zazzaɓi ya biyo baya, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.