Likita, maigidana ya ce kitsen jininsa ne ke fita a zawo

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An auna maigidana a Birnin Kebbi aka ce kolestarol, wato kitsen jini, ya yi masa yawa, aka ɗora shi kan atorvastatin. Sai ya ajiye ƙwayar, ya sayo jarkar "wankin jini" wurin masu mota da lasifika. Kwana uku ke nan yana zawo, duk ya galabaita, amma ya ce kitsen ne ke fita. Ga shi da hawan jini. Hankalina ya tashi. Daga wata uwargida a Jega.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ɗauke jarkar nan yau ɗin nan, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari. In fitsarinsa ya ragu ko yana jiri, a kai shi asibiti a duba ƙodarsa, domin zawo a jikin mai shan maganin hawan jini yana saurin taɓa ƙoda.

Wannan magana ta "kitse na fita" kuwa ta ishe ni, kullum sai an kawo min ita. Kolestarol ba a hanji yake kwance ba, balle a kore shi da gudawa. Hanta ce ke ƙera mafi yawansa, ya bi jini, ya maƙale a bangon jijiya. Ta ina zawo zai kai can? Yauƙin da maigida yake gani majinar hanji ce, irin wadda filasko ma ke fitarwa. Sakayau ɗin da yake ji kuma ruwan jikinsa ne ya tsiyaye. Mai jarka ya san mutanenmu ba sa yarda magani ya yi aiki sai ya wahalar da su, shi ya sa yake zuba mai sa gudawa. In kin yi magana ya nuna miki lambar NAFDAC, alhali ko lambar ta gaske ce, ba shaidar warkarwa ba ce. Kuma yawan kolestarol ba ya ciwo, to "na ji sauƙi" sauƙin me? Wani bai san halin da yake ciki ba sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Ban ce tsirrai banza ba ne. Tafarnuwa na ragewa ɗan kaɗan, sai dai mai shan asfirin ko warfarin, magungunan hana daskarewar jini, ya yi hattara, tana iya ƙara zubar jini. Zoɓo marar sukari ya fi amfani ga hawan jini. Ki yawaita masa wake da kuɓewa, ki rage man shanu da kitsen balangu, gasasshen kifin Yauri ya maye gurbinsu.

Da ya murmure, ya koma wurin likitansa a mayar da shi kan ƙwayar, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 12. Ana son jimillar kolestarol ɗin ta sauka ƙasa da 200 mg/dL a takardar gwajin. In ciwon tsoka ne ya sa ya ajiye ta, ya faɗa, akwai wadda za a canza masa.