Tambaya da Amsa: Kwale-kwalen roba mai arha zai iya da teku kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi kwale-kwalen roba na mutum biyu, irin wanda ake hura wa iska da famfo, wanda ake kira kayak. A kwali ya zo da filafili biyu, kuɗinsa bai kai na waya mai kyau ba. Ina so in kai shi bakin teku a hutun Disamba, amma ina tsoron kada ya fashe da ni. Mene ne shawararku?
Mai karatu daga Agege, Legas

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron fashewa yana da hujja, amma akwai abin da ya fi shi haɗari: iskar da ke busowa daga tudu zuwa teku.

Irin wannan jirgi nauyinsa bai wuce kilo 10 zuwa 15 ba, kuma a saman ruwa yake zaune kamar ƙwarya. Babu abin da ya nutse ƙasa da zai riƙe shi, sai ɗan fiffiken robar da ake maƙalawa a gindinsa. Gefunansa kuwa sun kumbura sun taso, sun tare iska. Mai tuƙi da filafili, in ba gwani ba ne, da ƙyar yake yin kilomita 3 zuwa 4 a awa. Iska mai gudun kilomita 20 a awa, wadda a tudu ƙura kawai za ta tayar ta kaɗa ƙananan rassa, ta isa ta cinye wannan ƙoƙari. Kana tuƙi hannu na ciwo, gaɓa tana ƙara nisa. In tana jan ka da kilomita 3 a awa, cikin minti 20 ka yi kilomita guda.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, ranar da wannan iska ke busawa, ruwan bakin gaɓa lumus yake, domin gine-gine da itatuwa sun kare shi. Sai ka yi mita ɗari biyu ko uku za ka haɗu da ainihin ƙarfinta, kuma igiyar ruwa girma take ƙarawa yadda kake ƙara nisa. Watan da ka zaɓa ma abin lura ne. Gaɓar Legas, Kwatano, Lome da Akra duk kudu suke fuskanta, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa, wato a ranakun da ta iso bakin teku, waje take tura ka. Ga hazo da zai ɓoye ka daga idon mutanen gaɓa. Gwajin ba shi da wuya: tsaya ka fuskanci teku. In ka ji iska a ƙeyarka, mayar da jirgin cikin jaka.

A Ingila, masu gadin bakin teku na RNLI, ƙungiyar ceton rayuka a teku, suna ɗaga wata jakar iska ruwan lemo don nuna cewa yau ba a shiga da abin hurawa. A Faransa doka ta ɗauki kayak da bai kai mita 3.5 ba a matsayin kayan wasan bakin ruwa: ba ya wuce mita 300 daga gaɓa, kuma da rana kaɗai. Da yawa daga masu arhar nan tsawonsu mita 3 da 'yan kai ne.

Tekun Legas kuma yana da nasa halin. Igiyar ruwa tana karyewa da ƙarfi dab da yashi, jirgin da iskarsa ba ta da tauri sai ya lanƙwashe a tsakiya, ya cika da ruwa, ya kife. Akwai kuma ruwa mai ja, wanda ke komawa teku ta wani siririn layi, gudunsa kan kai mita 2 a daƙiƙa. Ko gaɓar Tarkwa Bay da ke da kariya daga igiyar ruwa, tana maƙwabtaka da mashigar manyan jiragen da ke zuwa tashar Apapa, kuma matuƙin katafaren jirgi ba zai gan ka ba, in ma ya gan ka ba zai iya tsayawa ba. A ganinmu, wannan jirgi na tafki ne da ruwa kwantacce, kusa da gaɓa.

TAMBAYA: Famfon da ya zo da nawa yana gajiyar da ni. Zan iya kai wa mai faci ya ba shi iska da injinsa?
Mai karatu daga Nima, Akra

AMSA: A kul, Malam. Tayar mota tana ɗaukar psi 30 zuwa 35 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne). Masu arhar nan psi 1 ne ko ɗaya da rabi, ka duba adadin da aka buga kusa da bawul, wato bakin da ake hura iska. Robar falle ɗaya ce, kaurinta bai kai milimita guda ba, babu zare a cikinta, kuma da zafi aka manne haɗe-haɗenta. Injin mai faci zai yage haɗin cikin daƙiƙu, kuma yagewar haɗi ba ta karɓar faci yadda huji ke karɓa.

Ka bi jerin lambobin da aka rubuta a jikin ɗakunan iskar, wato sassan jirgin da ake hurawa daban-daban, ka cika kowanne rabi tukuna, sannan ka zagayo ka ƙarasa. In ka sa shi a ruwa, sanyi zai sa ya ɗan saki, sai ka ƙara masa kaɗan bayan minti biyar. In ka fito da shi kan yashi da rana tsaka, rage masa iska ko ka kai shi inuwa, don zafi yana kumbura ta. Kwana guda kafin fita, hura shi ka bar shi ya kwana. In ya saki da safe, shafa ruwan sabulu a bawul da haɗe-haɗe, inda kumfa ya taso nan ne. Ka kuma ƙirga ɗakunan iskar: akwai masu biyu kacal, in ɗaya ya tafi, rabin jirgin ya tafi.

TAMBAYA: 'Ya'yana biyu, mai shekara 12 da mai 15, sun iya iyo sosai. Dole ne su sa rigar kariya? In kuma iska ta ja su, me za su yi?
Wata uwa daga Ingila

AMSA: Dole ne, Hajiya. Iyon wurin wanka daban, na teku daban. Ruwan tekun Ingila yawancin shekara bai kai digiri 15 ba, kuma wanda ya faɗa irin wannan ruwa ba shiri, numfashinsa kan ƙwace masa na minti ɗaya zuwa biyu, ya ja iska da ƙarfi ba da sonsa ba. In kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Rigar ce ke riƙe shi har numfashin ya daidaita. Ki duba lambar da ke jikinta: mai 50N taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kusa da gaɓa, mai 150N zuwa sama ita ce aka yi don ta juyo da fuskar mutum sama. Ta dace da nauyin yaron, a ɗaure ta tam. In kika ɗaga ta daga kafaɗu ta kai kunnuwansa, ta yi masa yawa. Kuma kada su shiga su kaɗai, babba ya kasance tare da su, a gaɓar da ke da masu gadi.

In iska ta ja su, kada su bar jirgin su ce za su yi iyo zuwa gaɓa. Gaɓa ta fi yadda ido ke gani nisa, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi mai launi a kan kan mutum. In ya kife, abu na farko su damƙe igiyar gefensa, domin jirgin da ba kowa a ciki iska tana tafiya da shi fiye da saurin kowane mai iyo. Su kira 999 ko 112 su nemi masu gadin teku tun suna ganin gaɓa, kada su jira sai sun gaji. Don haka waya ta kasance a jakar da ruwa ba ya shiga, a jikin yaron, ba a cikin jirgin ba, tare da usur a ɗaure a rigar. Filafili ma a ɗaure shi da siririyar igiya a jikin jirgi. Ke kuma da ke gaɓa, ki san ƙarfe nawa suka shiga da launin jirginsu, don za a tambaye ki.