Makaniki ya ce a cire tamostat saboda zafin Marwa: in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa, a arewacin Kamaru. Allah ya hore mini na sayi motata ta farko, Toyota Corolla ƙirar 2004 mai shan fetur, kwanjele (wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita) daga Duwala. An ɗoro ta a jirgin ƙasa, yanzu tana Ngaundere a hannun ƙanena. Makanikin da ya duba ta ya ce motar Turai ce, don ƙasar sanyi aka yi ta, sai an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye kafin a kamo hanyar arewa, in ba haka ba za ta ƙone gasket tun kafin Garwa. Abokaina duk sun ce haka aka yi wa nasu. In yarda? Me kuma ya kamata in gyara kafin in taho da ita? Sannan zan iya zuba mata zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri na Najeriya da ake sayarwa a bakin hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Barka da arziki, Allah ya sa a kashe lafiya, ya tsare hanya.

Kada ka yarda. Ka bugo wa ƙanenka waya yau ɗin nan ka ce kada a taɓa tamostat ɗin, kada kuma a yanka wayar fanka. Na san maganar za ta yi maka nauyi, domin kusan duk garejin da ka shiga daga Ngaundere har Kuseri abin da za a faɗa maka ke nan, ni ma kuma da nake yaron gareji a nan Garwa na cire su ba adadi, maigidana yana tsaye a kaina yana cewa madalla. Sai daga baya na gane gyaran gangar Auzinawa muke yi.

Tamostat ɗan ƙaramin murfi ne, bai kai tafin hannu ba, yana zaune a bakin hanyar da ruwa ke bi tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai ɗan kakin da ke kumbura idan ya ji zafi. Da safe, inji na da sanyi, yana rufe, ruwa ya yi ta zagayawa cikin inji kaɗai har ya ɗumama. Idan zafin ruwan ya kai wajen digiri 82, lambar da za ka gani an buga a jikin na Toyota da yawa, sai ya fara buɗewa, kafin a kai 95 ya wangale gaba ɗaya. To ka duba: a watan Afrilu a Marwa, rana ta take, zafi ya haura 40, kana cikin cunkoson kasuwa, tamostat ɗin a buɗe yake tuntuni. Ba shi ke tare ruwan ba. Cire shi ba zai ƙara maka sanyin komai a wannan lokaci ba. Kamfanin da ya ƙera motar nan yana sayar da motoci a Saudiyya da Dubai, inda zafi bai gaza namu ba, kuma da tamostat ɗinsu suke fita.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A injuna da yawa, har da irin na motarka, tamostat ɗin ƙofa biyu yake tsaro. Lokacin da ya buɗe hanyar lagireto, bayansa yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je ya sha iska ba. Idan aka cire shi, wannan gajeriyar hanya ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa juyawa a ciki bai taɓa leƙa lagireto ba. Shi ya sa za ka ga mota an cire mata tamostat amma tana tafasa a kan hawa, mai ita yana mamaki.

Da safe kuma asarar daban ce. A hunturu, watan Disamba da Janairu, musamman a Ngaundere da ke kan tudu sama da mita 1,000, motar da ba tamostat takan yi tafiya mai nisa allurar zafi tana kwance a ƙasa. Ƙwaƙwalwar motar tana karanta cewa inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur. Wanda ya ƙone ya ƙone, wanda bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara cikin kwanon mai. Buji ya yi baƙi, baƙin mai ya tsinke, zoben fistin ya riƙa cin jikinsa a hankali. Ba rana ɗaya za ka gani ba. Bayan shekara biyu ne za ka ji mota ta fara hayaƙi, a ce maka ai kwanjele ce, dama ta gaji.

Ban ce magabatanmu a sana'ar nan wawaye ba ne. Zamanin Peugeot 404 da 504, ruwan rijiya ake ɗura wa mota, tamostat ya yi tsatsa ya maƙale a rufe, mota ta tafasa a tsakiyar daji, sabon kuma sai an aika birni. Wanda ya cire shi ya kai fasinja gida ya yi dabara. Matsalar ita ce dabarar fita kunya ta ranar nan ta zama al'ada, ana yi wa lafiyayyar mota tun ba ta yi ciwo ba.

In kana shakkar naka, gwajinsa ba ya cin ko dala. A kwance shi, a ɗaura masa waya, a zura shi cikin tukunyar ruwa a kan gawayin mai shayi. Ka tsaya ka gani da idonka: kafin ruwan ya tafasa sosai za ka ga bakinsa ya fara ɗagawa, ya buɗe har ƙaramin yatsa ya kusa shiga. A fito da shi ya huce, ya koma ya rufe ruf. In ya yi haka, a mayar da shi da sabuwar roba, ɗan ramin numfashin da ke gefensa yana kallon sama. In ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe rabi, a sayi sabo na asali mai lamba iri ɗaya. Motar da ta haura shekara ashirin, ni da tawa ce sabo zan sa kawai in huta.

Haɗa fanka kai tsaye ma ɗan'uwan wancan ne. Fankar motarka tana tashi da kanta idan ruwa ya yi zafi, ko idan ka kunna na'urar sanyaya ɗaki, ta kuma tsaya idan an samu sauƙi. A kan babbar hanya iskar gudu ta ishe ta. In aka haɗa ta da makulli, za ta yi ta juyawa daga tashi har kashewa, ta cinye kanta, ranar da za ta mutu kuma ba sallama. Abin da ya kamata makanikin ya yi shi ne ya bar motar a kunne a tsaye, ya jira ya ga fankar ta tashi da kanta ta kuma tsaya. In ba ta tashi ba, a nemi dalilin a fiyus, ko rile, ko na'urar auna zafi.

To me ke sa motoci tafasa a ƙasar nan? Ba a nan gizo ke saƙa ba, yana can wajen abubuwa uku da ba a cika kula su ba.

Na farko ruwan da ake zubawa. Ka leƙa cikin butar da ake dafa shayi da ruwan rijiya ko na burtsatse, ka ga farin dutsen nan da ya kama gindinta. Shi ne yake kama siraran bututun lagireto, waɗanda ba su fi tsinken tsintsiya kauri ba. A zuba ruwan lagireto na gaskiya, irin ja ko ruwan hoda da Toyota ke amfani da shi. In mai kauri ne a sirka shi da tataccen ruwa, rabi da rabi. Mutane suna cewa ai maganin ƙanƙara ne, mu ina muka ga ƙanƙara. Gaskiya ne, amma shi ne kuma yake hana tsatsa, yake ƙara wa ruwa juriyar tafasa.

Na biyu murfin lagireto, wanda kowa ya raina. Ka duba samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Matsin da yake riƙewa ke nan, kuma wannan matsin ne yake sa ruwan da ya kamata ya tafasa a digiri 100 ya jure har wajen 120. Robarsa ta tsage, ruwa ya riƙa tsiyayewa kaɗan-kaɗan, mota ta tafasa alhali komai nata lafiya.

Na uku ƙura. Bara wani bawan Allah ya zo mini da mota a kan igiya daga wajen Figil, an cire tamostat, an haɗa fanka, an ma canza gasket sau ɗaya, tana ta tafasa. Muka kwance lagireton muka raba shi da na na'urar sanyi da ke gabansa. Abin da muka tarar a tsakaninsu kamar bargo: ƙurar hunturu, ɓurɓushin audugar da manyan motoci ke zubarwa a hanya lokacin kaka, fuka-fukan fara, ƙaiƙayi, duk sun dunƙule sun toshe fiye da rabin fuskar. Yaro ya wanke da ruwa daga baya zuwa gaba, muka sa sabon murfi da sabon tamostat. Har yau yana wucewa ta gaban garejin yana danna mini oda. Wankin nan a yi shi sau ɗaya a shekara, kafin bazara, kuma ba da ruwa mai ƙarfin da zai lanƙwasa ƙarafunan ba.

In duk da haka wata rana ka ga allura ta nufi ja, kashe na'urar sanyi, ka sauka gefe ka kashe mota. Kada ka buɗe murfin da zafinsa, mun ga waɗanda fuskarsu ta saɓule. Kada kuma ka sheƙa wa inji ruwan sanyi, kan injin na sanholo ne, lanƙwashewa yake.

Sauran gyaran kafin tafiya ba su da yawa. A yi juyen baƙin mai da matatarsa, domin ba ka san yaushe aka yi na ƙarshe ba, kuma kada ka bi lissafin Turai na kilomita 15,000; a ƙurar nan tamu 5,000 ya isa. Mai lamba 10W-40 a galan rufaffe ya wadatar, ka guji na awo a kwalba. Injin nan sarƙar taimin gare shi ba bel ba, wannan kuɗin ka huta da shi, sai dai wasu na kafin 2005 an san su da shan baƙin mai, saboda haka ka riƙa zare sandar awo duk Juma'a har ka san halin taka. A canza matatar iska. A canza man birki, don yana tsotsar ruwa idan ya daɗe.

Tayoyi kuwa ka duba su da kanka. Kwanjele da yawa da tayar sanyi suke zuwa, mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarta laushi gare ta, kwaltar bazara cinye ta take. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Wadda ta wuce shekara shida, komai kyan zanenta, ban yarda ka hau hanyar kusan kilomita 500 da ita ba.

Zancen zuwa-zuwa, ba zan yi maka wa'azin da ni ma ban cika ba. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, ratar da ke tsakanin farashinsa da na gidan mai, wanda ya koma sefa 840 lita a Fabrairun 2024, ba ta kai ta da ba. Man kansa ba shi ne abin tsoro ba, jarkar da ya kwana a ciki ce, da ruwa da yashi da abin da aka sirka masa. Famfon man motarka a cikin tanki yake, dattin nan shi yake fara kashewa. Inda akwai gidan mai ka sha a can. Inda babu, ka sa a tace da kyalle a gabanka, kuma kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, don fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.

Takardu kuma ƙanenka ya gwada lambar shasi, haruffa da lambobi 17, da abin da ke takardar duwan (kwastan) da kartigiris (takardar rajistar mota), ɗaya bayan ɗaya. Inshora da bizit teknik (takardar gwajin lafiyar mota) su kasance a hannu kafin jandarman farko, in kuma kana da niyyar tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena ka nemi kart roz, katin inshorar tsallaka iyaka, tun wajen mai inshorar.

Ranar tahowa ka fito da sassafe. Idan ka iso falez, babban gangaren dutsen nan da ke kafin Mbe, sa giya ta biyu ko ta uku ka bar inji ya riƙe motar, kada ka kwanta a kan birki. Ka kuma saci kallon allurar zafi a gangaren nan. In ta tsaya cak a tsakiya, tamostat ɗinka yana nan yana aiki. In ka ga tana zamewa ƙasa, to wani ya riga makanikin Ngaundere tun a Duwala, sai ka tsaya a Garwa a sa maka sabo kafin ka wuce.